Rediyon Masaƙa

A masaƙar nan ba a hira da baki. Ba doka aka kafa ba, injunan saƙa ne ba sa barin kowa ya ji kowa. Da jiniyar safe ta kaɗa aka murɗa su, sai ƙara ta cika babban zauren tun daga siminti har kwanon rufi, ta bi ta tafin ƙafar mutum ta hau ƙirjinsa. Ko ka kafa baki a kunnen na kusa da kai ka kwarara ihu, abin da zai samu bai wuce yawu ba. Don haka tun kafin a haifi yawancin ma'aikatan yanzu, mutanen zauren suka ƙago nasu yaren, na hannu da ido da gira da leɓe mai buɗewa sosai ba sauti. In an ɗaga haɓa aka taka yatsu biyu a tafin hannu, manaja ne ke tafe. In an ja fatar kunne, matar mutum ake nufi. In an ɗora yatsa a leɓe aka hure shi sama, an ce ƙarya kake. In kuwa aka kifa tafin hannu aka sauke shi a hankali, to an yi rasuwa.

A wannan yaren babu wanda ya kama ƙafar Rediyo. Sunan da suka laƙaba masa ke nan tun yana da baƙin gashi, don duk labarin da ya shigo masaƙar ta hannunsa yake bi. Injunansa na tsakiyar zaure, inda kowa ke hangensa. Hagunsa na ɗaura zaren da ya tsinke, damansa na ba da labarin yadda mai gadi ya yi barci har aka zare masa takalmi daga ƙafa. Da kafaɗa kaɗai yakan kwaikwayi tafiyar mutum, a gane wanda yake nufi daga can ƙarshen layi. Sai ka ga garada sun wage baki, hawaye na zuba, wani ya dafe ciki ya durƙusa, kai kuwa ba ka jin komai sai inji. Babban abokin tsiyarsa shi ne Gajere, mai injunan da ke fuskantar nasa. Gajere ya zana masa tumbi a iska, shi kuma ya auna tsawon Gajere daidai ƙugu, ya ɗan yi tunani, ya girgiza kai, ya sauke hannun zuwa gwiwa. Haka suke gaisawa kullum tun suna samari, kuma ba wanda ya taɓa gajiya.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, da an kashe injuna Rediyon ma kashewa yake. Kunnuwansa sun daɗe da kama hanya. Ba rana ɗaya suka tafi ba. Da fari tsuntsaye ne suka daina kuka a unguwarsu, daga baya muryar yara ta shige, sannan ta mata. Abin da ya rage masa sai wani siririn zuuu da ba ya ɗaukewa, da muryar da aka ɗaga sosai in yana kallon bakin mai ita. A cikin zaure wannan ba nakasa ba ce, tunda a can kowa kurma ne. A waje ne take tsaya masa a wuya.

Yana zaune da babban ɗansa da matar ɗan da 'ya'yansu, a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Ba sa wulaƙanta shi, kada a ɗauki alhakinsu. Kwanonsa ake fara zubawa, kayansa kullum a wanke a goge. Sai dai hira da shi aiki ce, mutum kuwa in ya dawo a gajiye ba ya neman wani aikin. Surukar takan durƙusa a bakin ƙofa ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ga abinci!" Ɗan ya leƙo ya ce, "Baba, ya aiki?" Ya ce, "Da godiya." Shi ke nan, an sallame shi sai gobe. In ya fito falo ya zauna cikinsu, bakuna na ta motsi ta gefe, fuskoki duk sun juya ga talabijin. A fashe da dariya, ya ce, "Me aka ce?" A ce, "Ba komai, Baba." Marigayiya matarsa ce kaɗai ta iya da shi: takan taɓa gwiwarsa tukuna, ta juyo masa da fuskarta gaba ɗaya, sannan ta yi magana. Tun da ta rasu ba wanda ya gaji wannan. Shi ya sa ranar hutu ta fi masa kowace rana tsawo, shi ya sa kuma kullum shi mai gadi ke fara buɗe wa ƙofa.

Ana nan sai mai masaƙar ya tsufa ya miƙa wa 'yarsa ragamar komai. Yarinya ce mai karatu, kuma a faɗi gaskiya mai tausayi ce. Ranar da ta fara zagaya zauren ta fito dafe da kai, ta ce ba za a ci gaba da cutar bayin Allah haka ba. Ba ta tsaya a faɗa ba. Aka kafa manyan fankoki masu zuƙe ƙurar auduga. Aka kawo na'urar ruwan sanyi. Aka share wani tsohon sito aka zuba kujeru masu laushi, ya zama ɗakin hutu, aka kuma ce hutun rana hutu ne na gaskiya, ba cin abinci a tsaye kusa da inji ba. Aka raba abin toshe kunne, aka ɗauki nas ta zauna a masaƙar. Mai ciwon baya ya samu mai duba shi, mai tari ya samu magani. Ma'aikata suka ce 'yar nan ta fi ubanta nesa ba kusa ba. Rediyo da kansa ya ƙago mata alama: hannu biyu dafe da kai, sannan a sauko da su a ɗora a ƙirji. Kafin a tashi aiki ran nan kowa ya ɗauka.

Sai kuma aka zo gwajin kunne. Nas ta shigar da shi wani ɗan ɗaki, ta kifa masa wani abu a kunnuwa, ta nuna masa cewa duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ya gyara zama yana jiran a fara. Ya jira, ya jira. Da ya dubi fuskarta sai ya gane ashe an daɗe da farawa, don in dai karatun fuska ne ba a koya masa. Nan ya sha jinin jikinsa. Ya koma satar kallon yatsanta, da ta danna maɓalli ya ɗaga hannu da sauri har da gyaɗa kai. Nas ba yarinya ba ce. Ta yi murmushi, ta juya kujerarsa ya fuskanci bango. Daga nan hannunsa bai sake tashi ba.

Washegari aka kira shi ofis. Manajar, wato 'yar mai masaƙar, ta bar kujerarta ta zagayo ta zauna gabansa, ta dube shi ido cikin ido, ta ɗaga murya yadda nas ta koya mata.

"Baba, kunnenka na hagu ya tafi. Na dama saura kaɗan. In ka ci gaba da zama cikin ƙarar nan, shi ma zai bi ɗan'uwansa."

"Ranki ya daɗe, ai ni ba inda ke min ciwo."

"Na sani. Amma mu muka yi maka wannan ɓarnar, Baba. Masaƙar nan ce ta cinye maka kunne, kuma ba zan zuba ido ta ƙarasa ba."

Ya zaci sallama ce. Ta ga haka ta yi saurin cewa ba korarsa za a yi ba, Allah ya kiyaye. Ɗakin duba yadi za a mayar da shi. Aikin zaune ne, ba ƙara, ba ƙura, ba abin da za a rage masa. Za a kuma saya masa na'urar ji, masaƙa ce za ta ɗauki nauyi.

Yana da abin faɗa. Hannayensa har sun fara motsi a kan cinyarsa, sun faɗi rabin maganar, sai dai ita ba ta jin wannan yaren. Da baki kuwa shi ba Rediyo ba ne, wani tsoho ne mai nauyin harshe wanda bai san ko ihu yake ko raɗa ba. Ga shi idonta ya ciko da ƙwalla saboda shi. Mugunta ana iya tsaya mata a yi gardama, amma ta ina mutum zai fara ce wa mai yi masa alheri ta bari? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe. Allah ya saka da alheri."

Ɗakin duba yadi yana can bayan sito, sai an tsallake filin da motoci ke lodi. Fari ne tas, da fanka, da kujera mai jingina. A tsakiya akwai dogon tebur mai fitila a ƙarƙashi. Yadi na warwarowa daga wannan sanda yana bi ta kan hasken yana naɗewa a waccan, shi kuma yana riƙe da alli, inda ya ga zare ya tsallake ko mai ya ɗiga sai ya zana da'ira. Taga ɗaya ce, ita ma bangon sito take kallo. Da safe masu turo kaya su ajiye masa bandir-bandir su ɗaga masa hannu su wuce, da yamma su dawo su kwashe. Tsakanin nan daga shi sai yadi.

Yakan gane saƙar kowa. Wannan na Gajere ne, ga gefensa ya ɗan matse kamar yadda ya saba. Sai dai ya lura da wani abu da ya sosa masa rai: tun da ya bar zauren, kurakurai sun ragu. Da can in dariya ta kama mutum sai zare ya tsinke bai gani ba, inji ya yi ta tafiya da giɓi. Yanzu yadi na zuwa sumul, alli na daɗewa bai ƙare ba. Ya kamata mai duba yadi ya yi murna da haka. Shi kam bai yi ba.

Ya ɗora ransa a kan hutun rana, tunda a ɗakin hutu kowa ke haɗuwa. Amma mutanen masaƙa suna da wata ɗabi'a: ba sa maganar hannu in sun fito daga zaure. Kunya suke ji, don an sha tsokanarsu a cikin gari ana ce musu bebayen masaƙa. Da sun tsallake ƙofar zaure sai hannu ya koma aljihu, baki ya karɓi aiki. Da can wannan bai dame shi ba, don kusa da inji ake cin abinci, inji kuwa ba ya hutu. Yanzu ga su a kan kujeru masu laushi, kowa ya sunkuya a kan kwanonsa, magana na fita ta bakin da ke tauna. Gajere yakan yi ƙoƙari, ya matso ya buga masa kafaɗa ya kwala masa, "Mutumina, ka yi ƙiba a ofis!" Ya yi dariya ya rama. Daga nan wani ya jefo magana ta baya, Gajere ya waiwaya, hira ta yi gaba ta bar shi a nan.

Na'urar jin ta iso, 'yar mitsitsiya a cikin akwati mai kyau. In mutum ɗaya ne a gabansa a wuri shiru, tana taimakawa, ba a hana ta haƙƙinta. Amma a cikin taro sai ta kwaso komai ta zuba masa a kai lokaci guda: cokali na bugun kwano kamar maƙera, kujera na ja, muryoyi sun cakuɗe ba a rabe ta wane da ta wane. Yakan daure saboda kada a ce ya raina kyauta. In ya koma ɗakinsa sai ya cire ta ya ajiye kusa da alli, kansa na sarawa.

Abin da ya karya masa gwiwa ya faru ne wata rana a bakin famfo. Ya tarar da wani dogon ma'aikaci mai gyaran injuna yana wanke hannu, mutumin da ya kwana biyu bai gani ba. Daɗi ya kama shi. Ya daki bayansa ya ce da ƙarfi, "Ina ka shige ne? Ko tsohuwa ce ta sake kulle ka a ɗaki don kar a sace mata kai?" Tsohuwar tsokana ce a tsakaninsu, don kowa ya san yadda uwar mutumin ke ji da shi. Mai gyaran ya ɗago ya dube shi, idonsa ja. Ya yarfe hannu ya tafi. Sai Gajere ne ya jawo Rediyo gefe, ya duba hagu da dama, ya kifa tafin hannu ya sauke shi a hankali. Ashe tsohuwar ta rasu tun makon jiya. An je gaisuwa an dawo, duk masaƙa ta sani. An faɗa a ɗakin hutu, yana zaune a wurin.

Ya bi mutumin ya ba shi haƙuri, ya yi masa ta'aziyya, mutumin ya ce ba komai. Amma ran nan Rediyo ya kasa cin abinci. Shi da ke sanar da kowa haihuwa da rasuwa, yau shi ne aka binne uwar abokinsa bai sani ba. Kunya ta ishe shi, kaɗaici kuma ya danne shi.

Bayan kwana kaɗan ya yanko wani ƙyalle mai ɗigon mai, wai zai kai wa shugaban zaure ya gani. Ya tsallake filin lodi, ya tura ƙofar. Ƙarar ta tare shi ta rungume shi, siminti na rawa a ƙarƙashin ƙafarsa. Wani ya hango shi ya ɗaga hannu, na kusa da shi ya ɗaga, kafin ka ce me zauren duk hannaye ne a sama. Gajere ya zana tumbi, wannan karon har da kujera a ƙarƙashinsa. Rediyo ya jefar da ƙyallen. Ya kwaikwayi kansa a ɗakin duba yadi yana gyangyaɗi, yana gaida bango, bango na amsawa. Ya kwaikwayi nas tana juya masa kujera. Mutane suka yi ta faɗuwa. Shi kansa hawaye yake, bai san na dariya ba ne ko na mene ne.

Bai ga alamar da ake ta yi masa ba, ta yatsu biyu a tafin hannu, sai da ya ji an taɓa kafaɗarsa. Manaja ce, kunnuwanta a toshe. Ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannun rigarsa kamar yadda 'ya ke kama na uba, ta fito da shi waje.

"Haba Baba! So kake ka ƙarasa kurumcewa?"

Ya yi ta maza ya ce, "Ranki ya daɗe, a can ne kawai nake hira."

Ta dube shi. Ta fahimci wani abu, ko da yake ba duka ba. A ganinta tsoho ne ke kewar abokansa, kuma ta ji zafin ita ta raba su.

"Ka yi min haƙuri kaɗan, Baba," in ji ta. "Akwai abin da nake shiryawa. In Allah ya yarda za ka koma wajenka, tsakiyar zaure, kuma ba abin da zai sake taɓa kunnenka. Na yi maka alkawari."

Wannan alkawari shi ya riƙe shi. Manyan motoci suka fara shigowa da akwatunan katako. Aka riƙa rufe zauren gefe-gefe, ana fitar da tsofaffin injuna ana shigar da sababbi, ana manna wani abu mai kauri a bango da rufi. Shi dai daga nesa yake hange in ya fito shan ruwa. A ɗakinsa kuwa ya shiga tanadi. Duk abin dariyar da ya gani a hanya ko a gida sai ya adana. In masu turo kaya sun fita, ya ajiye alli ya gwada labarin da hannu, ya gyara nan, ya ƙara gishiri can, inuwar yatsunsa na wasa a kan yadi. Akwai wani da ya fi ji da shi, na maƙwabcinsu da ya hau rufi gyaran eriya, matarsa ta ɗauke tsani ta ba wa wata aro ta tafi unguwa. Ya san inda Gajere zai durƙusa don dariya. Har a gida aka ga canji, surukar ta ce wa mijinta Baba kwanan nan yana murmushi shi kaɗai.

Aikin ya ɗauki watanni. Rannan da safe manaja da kanta ta zo ɗakin duba yadi, fuskarta kamar an yi mata albishir, ta ce, "Baba, taso." Ya sa na'urar jinsa don ya faranta mata, ya gyara hula, ya bi ta.

Da ta tura ƙofar zauren sai ya zaci an ɗauke wuta. Siminti bai motsa a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Amma ga fitilu a kunne, ga yadi na sauka. Sababbin injuna ne, kowane a cikin rufinsa na gilashi, suna aiki ba hayaniya. Zauren ya yi haske, iska ba ƙura. Ma'aikata suka taru, manaja ta yi ɗan jawabi, aka tafa. Gajere ya rungume shi, kansa daidai ƙirjin Rediyo. Aka kai shi tsakiyar zaure, wajensa na da, aka nuna masa maɓallan da zai danna. Kowa ya koma bakin aikinsa.

Ya bari aka ɗan natsu. Sannan ya goge tafin hannunsa a riga, ya ɗaga su sama, ya fara: ga maƙwabci, ga tsani, ga shi yana hawa.

Ba wanda ya duba.

Ba wulaƙanci ba ne, ya san haka. Da can dole ido ya yi ta yawo a zauren, don kunne ba ya aiki, in ba ka ɗaga kai ba ko gobara ake ba za ka sani ba. Yanzu kunne ya karɓi aikinsa, ido ya koma kan yadi. Sun riga shi shiga sabon zauren da makonni, har sun saba. Ga Gajere can ya ba shi rabin baya, yana magana da na gefensa ta kan kafaɗa, leɓe na motsi ƙanana-ƙanana irin na masu ji. Rediyo ya sake ɗaga hannu ya kaɗa. Wata mata a layi na biyu ta hango shi, ta yi masa murmushi ta ɗaga hannu irin na gaisuwa, ta mayar da kai.

Can wani ya faɗi wata magana daga ƙarshen zaure. Rediyo ya ga dariyar ta taso, tana bin layi-layi, kafaɗu na girgiza, ta zo ta wuce ta gefensa ta ci gaba. Na'urar ta zuba masa ita a kunne kamar ana juye tsakuwa a bokiti. Gajere ya juyo yana share ido, ya maimaita masa maganar da baki. Rediyo ya buɗe tafin hannu, alamar me aka ce. Gajere ya fara haɗa masa da hannu, ya yi alama biyu, ya tsaya yana neman ta uku. Sai fitilar injinsa ta yi ja. Ya ɗaga yatsa, wai yana zuwa, ya juya. Da ya gama ɗaura zaren wani ya riga ya ja shi wata hirar.

Rediyo ya tsaya a tsakiyar mutanen da ya yi rayuwarsa da su, kowa na iya hangensa, ba mai bukatar ya duba. A ɗakin duba yadi aƙalla yana da abin jira. Nan kuwa ya iso, kuma babu wani wurin da ya rage. Ya dubi samarin da aka ɗauka bana, suna aiki suna zuba surutu, kunnuwansu garau. Waɗannan za su tsufa suna jin muryar jikokinsu. Gajere ma zai tsira da abin da ya rage masa. Abin da manaja ta yi daidai ne, ko shi aka tambaya ba zai ce a dawo da ƙarar ba. Wannan ne ya fi yi masa ciwo, don ba shi da wanda zai yi fushi da shi.

Kafin hutun rana ta zagayo. Ta tsaya gabansa sosai, ta ɗaga murya.

"Baba, ya ka ga wajen? Ka ga yanzu har hira ake yi ana aiki!"

"Ya yi kyau, ranki ya daɗe. Wallahi ya yi kyau. Yaran nan ba za su zama irina ba."

Ta yi dariyar jin daɗi, har za ta wuce sai ya ce, "Sai dai ina da roƙo."

"Faɗi, Baba."

"A mayar da ni wajen duba yadi."

Murmushinta ya tsaya. "Wani ya ɓata maka rai ne? Ko injin ne bai yi maka ba? Ai saboda kai na matsa a gama da wuri."

"Ba wanda ya yi min komai. Tsufa ne. Na saba da kujera, tsayuwar ta fi ƙarfin ƙafafuna."

Ta dubi ƙafafun, tausayi ya kama ta. Ta ce laifinta ne da ba ta yi wannan tunanin ba, za ta sa nas ta duba masa gwiwa, za a kuma ƙara masa matashi a kujerar. Ya yi godiya. Ta kira wani ya karɓi injunansa.

Ya bi ta tsakanin layuka ya nufi ƙofa. Hira na ta gudana hagu da dama, yana ganinta a bakuna. A bakin ƙofa ya waiwaya ya ɗaga hannu, alamar sai an jima, ya ɗan riƙe shi a sama ko wani zai ɗago. Gajere na can ya dafa kafaɗar na kusa da shi yana ba shi labari. Rediyo ya sauke hannun. Ya fita, ya ja ƙofar a hankali don kada ta buga, tunda yanzu su suna ji.